'Yan Danja da Miƙaƙƙen Layi

Duk ɗan Danja da ya ce zai tafi Zariya ko Katsina ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, a duba sakamakonsa na sakandare da kyau, sau da yawa lissafi ne ya koro shi. A zatonsa za a koya masa ya kalli ƙwayar idon mutum ya faɗi abin da ke ransa. Yana shiga ajin ƙididdiga sai ya tarar da allo cike da x da y. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga ranar kowa ke fito da halinsa.

Akwai mahaddaci. Shi ya saba da tilawa tun yana yaro, don haka ya zuba ƙa'idojin a ka, baƙi da wasali. Ko tsakar dare ka tashe shi zai kawo maka ta rigireshan, wato jan miƙaƙƙen layi tsakanin x da y, ba gargada. Amma ka cire x ka sa z, sai ya ajiye biro ya ce wannan ba a koyar ba.

Masoyin 0.05 kuwa, duk duniya lamba ɗaya ya sani. Ronald Fisher ya kawo ta a littafinsa na 1925 a matsayin iyaka mai sauƙin aiki wajen hukunta sakamakon bincike, amma a wurin mutuminmu ita ce alƙali. In kwamfuta ta ba shi 0.049, ranar har tsire zai saya wa 'yan ɗakinsu. In ta ba shi 0.051, sai ya fara sallamar mutane daga cikin bayanansa ɗaya bayan ɗaya: wannan tsohuwar ba ta gane tambaya ba, wancan dama da wasa ya amsa. Kada a yi masa dariya da yawa, yana da dangi masu manyan riguna a Turai da Amurka. A 2015 da masana suka maimaita bincike 100 na wannan fanni, wajen kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake tsallake iyakar.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne malamin gindin darbejiya. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ce masa mutum 384 yake buƙata, ya buga takardun tambayoyi 384, ya nufi kasuwar Danja ranar da tumatir ya yi ambaliya. Manomi na farko ya karɓa ya juya takardar, ya ce, "Yaro, taki za a raba?" Da ya ji ba taki, ya miƙo masa abarsa. Kafin la'asar da ƙyar ya samu arba'in. Sauran fa? Sai ya nemi inuwa da biro uku, shuɗi da baƙi da ja, wasu ya cika da hannun hagu don rubutu ya bambanta. A zama ɗaya ya zama bazawara, ya zama direban tifa, ya zama ɗan shekara saba'in mai fama da damuwa. Asirinsa kan tonu ne wajen ma'aunin Cronbach: ana murna in an samu 0.7, nasa ya tashi 0.98, domin jama'ar tasa duk kai ɗaya gare su.

Sai injiniya, mai kwamfutar cinya da manhajar ƙididdiga ta SPSS a ciki. Bai san ma'anar ko lamba ɗaya ba, amma ya san inda ake dannawa. Tambayarsa ta farko ga mai kawo aiki ita ce, "Me kake so ya fito?"

A layin gaba akwai wata mai hijabi da ba ta magana. Ita ce ta gane komai. Ba mai tunawa da ita sai saura mako guda jarrabawa, sannan kowa ya zama ƙaninta: "Yaya, don Allah ara mini littafinki, Allah ya ba ki miji nagari."

Mafi wahalar zama da shi, shi ne wanda abin ya shige shi har ya wuce kima. Ya karanta cewa Fisher ba a kan zukatan mutane ya gina dabarunsa ba, a gonar gwaji ta Rothamsted ta Ingila ya fara aiki a 1919, yana auna taki da alkama, kuma irin wannan awon ake yi a cibiyar binciken noma ta Samaru, nan kusa da gida. Sai ya ga ai gado ne. Ya dawo hutu ya kafa tebur a zaure, buhun taki ya zama x, kwandon tumatir ya zama y, ya ja layi miƙaƙƙe tsakaninsu.

"Baba, lissafi ya nuna duk buhun da ka ƙara, kwanduna za su ƙaru daidai gwargwado."

Tsoho ya gyara zama. "Madalla, Malam. To in na juye buhu ɗari a fadamar nan tawa fa?"

Shiru. Ko yaron da ke ban ruwa ya san shukar ƙonewa za ta yi, layin kuma ya lanƙwaso ƙasa.

"Tsutsar nan Sharon da ta cinye mana tumatir a 2016, tana ina a zanen naka? Faɗuwar farashi ranar da kowa ya kai kaya kasuwa lokaci guda fa?"

"Suna cikin wannan ƙaramin baƙin na ƙarshe, Baba. Duk abin da ba a auna ba, nan ake tara shi."

Tsoho ya matso da takardar kusa da ido ya daɗe yana kallon ɗan harafin. "Wannan ɗan mitsitsin? Shi ya sa na sayar da shanun huɗata." Ya miƙa masa takardar, ya ce ya tashi ya taya ƙannensa lodi, motar Legas ba ta jira.