Tsoka Ba Ta Kallon Bidiyo

A Kudenda, bayan katangun masana'antu, samari kan cika gwangwanayen fenti biyu da kankare, su soka ƙarfe a tsakiya, shi ke nan an buɗe wurin ɗaga nauyi. Lafiya lau ake yi, sai da aka sayi data. Yau wani a YouTube ya ce a yi atisayen ƙirji, gobe na TikTok ya ce na jiya kuskure ne, jibi a kwanta a yi ta shure-shure. Wata uku, damtse na nan kamar sillen kara, amma saurayi ya haddace sunayen atisaye fal.

Tsoka kuwa abu guda ta sani: a maimaita mata aiki, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Girkawa sun ce ɗan kokawarsu Milo, a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, maraƙi ɗaya yake saɓawa kullum har ya zama bijimi. Bai sauya shi da rago ranar Talata ba.

Sai dai sauyi ma na da ranarsa, yana hutar da gaɓoɓi. Ku tambayi 'yan dako a ƙofar kamfani, masu ɗaukar buhu mai kilo 50 safe da yamma ba sauyi: damtsen kyauta suka samu, ciwon bayan ma haka.