Hunturu da Masu Tsofaffin Motoci a Hanyar Bodinga

Daga Disamba zuwa Janairu, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Shagari takan wayi gari cikin hazo. Sanyin asuba yana kashe ƙarfin batir, baƙin mai ya yi kauri, ƙura ta toshe matatar iska. A nan ake gane halin masu tsofaffin motocin da suka rantse sai sun fita da su kullum.

Babbansu shi ne mai Fijo 504, galibi tsohon ma'aikaci da ya saye ta da rancen mota. Zai faɗa maka cewa a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, ko da yake shi kansa ko mai a-kori-kura wuce shi yake yi. Tun da dare yake ajiye ta bisa gangare a ƙofar gidansa a Sifawa, ya tokare taya da dutse. Bayan sallar asuba sai ya ja cok, ya taka totur sau uku, ya murɗa makulli. Shiru. Can ya leƙo ta taga: "Samari, ku taho ku sa mata albarka." Almajirai su ajiye allo su kama turi, shi kuwa ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, motar ta yi tari kamar tsoho mai mura, ta kama. Ladan turin addu'a ce, ita ma daga nesa ake jiyo ta.

Sai mai Marsandi, doguwar nan da aka laƙaba wa sunan Shagari, saboda ita manya ke hawa zamanin mulkin Shugaba Shagari, 1979 zuwa 1983. Wannan ba a tura shi a gaban jama'a, sai dai a kira bakanike a ɓoye. Hita ta mutu tuntuni, gilashin taga ya maƙale a rabi, don haka yakan isa wurin ɗaurin aure da ƙura har gashin ido, babbar riga ta koma ruwan ƙasa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 da galan yake shayar da ita, amma kada ka kuskura ka taya.

Mai Boswaja, haɗin Legas, shi kaɗai ke murna da hunturu. Injinsa a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle neman ruwa. Yana wuce masu turi yana danna musu ham. A bar shi ya yi dariyarsa: zafin Afrilu na nan tafe, za a same shi ƙarƙashin dogon-yaro yana yi wa inji fifita.

Akwai kuma mai cire batir ya kwana da shi a ɗaki, da mai lulluɓe bonet da bargo alhali yaransa na rawar ɗari, da saurayin da ya gaji motar babansa, ya sa mata lasifikar da ta fi injin lafiya.

Duk a garejin bakanike ɗaya suke haɗuwa da hantsi, kowa na cewa tasa filogi kawai take so. Mai bin hanyar nan da sassafe dai ya kunna fitila, ya rage gudu, don wataƙila ana turi a tsakiyar titi.