Makilin da gefen riga

Mu a Kuchigoro ba ma jefar da faifai. Waya ta zo, masu tura fim a memori sun kafa tebura, yara na kallon komai a YouTube, amma ka shiga ɗakin magidancin da ya haura arba'in ka leƙa ƙarƙashin talabijin, jakar faifai na nan ta sha ƙura. Tafsirin Sheikh Ja'afar na ciki, da Shata, da Ibro, da Indiya mai fassara, da bikin wata ƙanwa da yanzu 'ya'yanta ke sakandare. Ranar da NEPA ta yi kirki aka zaro ɗaya aka saka, hoto ya fara kakkaryewa, murya ta maƙale a kan kalma guda, nan take kowa a ɗakin zai kawo tasa dabarar.

Ta farko kowa ya iya ta: a huro wa faifan huci, a kama gefen riga, a murza zagaye-zagaye har ya yi sheƙi. In bai yi ba, uwargida ta miƙo makilin. Wani ya ce bazilin ya fi, wani ya ce ruwan Omo. Samari masu babur kuwa sun yi imani da fetur, wai ba dattin da yake bari. Sannan dukkanmu mun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, in za mu ajiye faifai a kan tebur sai mu kwantar da shi a kan gefen rubutu, mai sheƙin na kallon sama, don kada ya karce.

Wannan ta ƙarshe ce ke sa mai gyaran rediyon layinmu riƙe kai. Rannan a teburin mai shayi wani dattijo ya miƙa masa faifai yana cewa, "Ɗana, duba min, gefen da ake karantawa ƙal yake, amma ya ƙi wucewa rabi." Yaron bai ko kalli gefen ba, ya ɗaga faifan saitin kwan fitila. "Baba, kun ga ɗigo-ɗigon hasken nan da ke ratsowa? Nan babu komai kuma. Ta baya aka kashe shi."

Gaskiyarsa. Faifan CD, tun da Sony da Philips suka fito da shi a 1982, faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, kuma kusan duk kaurin nan roba ce garau wadda hasken na'ura ke ratsawa. Waƙar da karatun suna can sama, a jikin wani siririn shafen alminiyam da ba abin da ya raba shi da duniya sai ɗan fenti da rubutun da ke bayan faifan. Karce a gefen sheƙi roba kawai ya taɓa, abin da ke ciki na nan lafiya, hanyar ganinsa ce ta dushe. Karce a gefen rubutu kuwa ya kwashe abin da kansa, babu makilin ɗin da zai dawo da shi. Ga shi mu nan muke dannawa da biro mu rubuta "Bikin Yaya." DVD ya ɗan fi haƙuri, domin shi roba biyu aka manne, kowace milimita 0.6, bayanan na tsakiya.

Murzawa zagaye ma ɓarna ce. Layin da na'ura ke bi guda ɗaya ne tak, ya faro daga tsakiya yana kewayawa zuwa baki, yadda ake ɗinka faifan kaba daga cibiya, kuma da za a warware shi zai haura kilomita 5. Waɗanda suka ƙera shi sun san za a karce shi, sai suka warwatsa bayanan tare da ƙarin lissafi, yadda in layin ya yanke na milimita biyu da ɗoriya na'ura za ta cike gurbin da kanta, mai sauraro bai ma sani ba. Karcen da ya taso daga tsakiya zuwa baki yana tsallaka layin ne, ya ɗan taɓa nan ya wuce. Wanda ya bi zagaye kuwa tafiya yake tare da layin, ya share dogon zango a jere, lissafi ya gagara. Irin wannan ne gefen rigarmu ke yi, musamman da hunturu, lokacin da ƙurar hanyar filin jirgi da ta lungunanmu ke sauka a kan komai. Ƙurar nan yashi ne. In aka murza ta a bushe, an karce faifan da hannun mai gyara. Kuma da yake ƙarshen fim a bakin faifai yake, inda yatsu da tebur suka fi taɓawa, ba mamaki da ya fi tsaya mana daidai lokacin da za a kama mugu.

Makilin dai ba ƙarya ba ne, ina cikin masu kare shi. Fari ake so, mai ɗan gari-gari, ba mai kama da ruwan alewa ba. Aikinsa shi ne ya cinye kaifin bakin karcen don haske ya daina karkacewa. A fara wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, a shafa makilin kaɗan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Sau da yawa wankin kaɗai ya isa, don maiƙon hannu ne dama. In farce yana maƙalewa a cikin karcen, ya fi ƙarfin makilin. Bazilin cike ramin yake na ɗan lokaci, kuma in ya yi yawa zai fantsama a idon na'ura. Fetur da tina cin robar suke, su bar ta da hazo har abada. In kuma faifai uku a jere suka ƙi, a daina wahalar da su, idon na'urar ne ya yi ƙura ko ya gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne wane faifai muke wa wannan hidima. Finafinai irin su Sangaya da Wasila, da duk abin da ya fito daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano, an buga su da yawa, in naka ya mutu wani na da shi. Faifan biki da na suna da na saukar karatu kuwa guda ɗaya ne a duniya, mai ɗaukar bidiyon ya daɗe da share nasa. Kuma su ne mafi rauni, domin na kamfani hatimi ake buga masa a jikin roba, wanda aka ƙona a shago kuwa rini ne a ciki, rana da zafi na kashe shi ko ba a taɓa shi ba. Wanda faifansa ya kwana biyu a gaban gilashin mota ya san haka. A cikin irin faifan nan akwai kakar da ta rasu tana guɗa, akwai muryar mahaifi yana karɓar aure. Maƙwabtanmu na sansanin Sabon Kuchigoro da suka baro Gwoza tun 2014, duk wanda Allah ya sa ya fito da faifai irin wannan, yana riƙe da hoton gida da unguwa da fuskokin da ba lallai a sake haɗa su wuri ɗaya ba. Wallahi bai kamata a koyi gyara a kansa ba.

Irin wannan, kafin makilin ya taɓa shi, a wanke shi kawai a kai wa mai kwamfuta ya kwafe. Kwamfuta tana komawa ta sake gwada wurin da ya ƙi, abin da na'urar ɗaki ba ta da haƙurin yi. In ta kasa, sannan a gwada makilin, a sake kaiwa. A hanzarta kuma, don sabbin kwamfutoci ba sa zuwa da ramin faifai, masu tsofaffin suna raguwa. In ba a samu a unguwa ba, akwai shagunan Area 10 da Banex a Wuse 2, sai dai a fara tambayar mai shago ko tasa tana cin faifai. A sa a filash, a tura wa wani ɗan'uwa a Kano ko Zariya ya ajiye nasa, kuma kada a baro shagon sai an buɗe abin da aka kwafe an ja shi har ƙarshe an ga ya kai.