Sai Litinin

A kasuwar Ose da ke Anaca, inda nake sayar da albasar Aliero, babu wanda ya kama ƙafata wajen ɗage aiki. Ƙananan malalata su ne masu cewa "sai gobe". Ni "sai Litinin" nake cewa, domin a watan Agustan 2021 aka fara zaman gida ran Litinin a ƙasar Ibo: kasuwa a rufe, banki a rufe, titi wayam. Wa zai ce laifina ne?

A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce kowa ya kai tsofaffi banki kafin ƙarshen Janairu. Nawa suna cikin buhun albasa a ƙarƙashin katifa. Ƙanena ya bugo daga Fatakwal: "Yaya, ka kai naka kuwa?" Na ce masa Litinin, in Allah ya kai mu.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mutanen da nake bi bashi. Janairu na kamawa, tsoron Allah ya sauko musu gaba ɗaya. Wata mai gidan abinci da takan ɓuya bayan tukunya in ta hango ni, sai ga ta da ƙafarta, da fara'a, da kuɗi a leda. Wani da har na yi masa addu'ar mamata ya tsallako gada daga Asaba, lafiyarsa ƙalau. Duk tsofaffin takardu. An biya ka haƙƙinka, da wane baki za ka ce ba ka karɓa? Buhu ya cika ya haifi ƙane.

Da aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, na yi hamdala na gyara kwanciya. Sai da ya zo gab na leƙa banki, na tarar layi ya sha kwana, har masu ruwan leda sun kafa kasuwa. Nan dabara ta faɗo mini: ai ni ma ana bi na! Kawuna, dillalin shanu a Garkin Inugu, shi ya ba ni jari tun ina sabon zuwa. Na shiga mota da buhu a cinya, maƙwabcina na ta share hawaye har muka isa.

Na durƙusa na gaishe shi. "Kawu, kuɗinka ne na kawo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Ya kwance bakin buhu, ya sansana, ya mayar ya ɗaure.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ka bari sai Litinin."

Rumfa ta kaure da dariya. Ashe labarina ya riga ni zuwa.

Na dawo Anaca ina rabon kuɗi kamar ɗan takara. Na biya mai shayi na shekara guda. Na sayi dilar laima ana tsakiyar rani. Na sayi akuya a farashin ɗan maraƙi. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu na nan daram har 31 ga Disamba, a daidai lokacin da jama'a ke biyan masu POS kuɗi don su sami kuɗi. Mai buhu biyu a makon nan da sarauta za a ba shi.

Kawu ne ya ɗaura mini magani, kuma mai ɗaci. Ya yanka bashin gunduwa-gunduwa, kullum in tura kaso ɗaya kafin kiran la'asar. Ranar da ya ji shiru, ba ni yake kira ba, limamin masallacinmu yake kira, shi kuwa liman ba ya iya magana a hankali. Yanzu ciniki na tashi nake kai kuɗi, hannuna na warin albasa.

Laimomin na ce zan fitar da su da zarar ruwa ya sauka. Kafin nan akuya ta cinye rabi.