Ɗan Lido Bai San Alhaji Ba

Na ji ku, masu taɓe baki. Wai lido wasan yara ne da matan da suka sauke tukunya, dattijon arziki kuwa dara yake yi. To Alhaji, in haka ne, me ya sa da jikarka ta kore maka doki a bakin gida ka ce a sake zubi, wai ɗan lidon ya hau gefen tabarma?

Mu 'yan Zangon Wagadugu mun san inda ke muku ciwo. Dara tana girmama furfura: wanda ya daɗe yana haƙa gurbi shi ke ci, yaro sai kallo da ɗebo tsakuwa. Lido kuwa ba ruwansa da shekaru. Ka girgiza, ka zuba, in shida ba ta fito ba dawakinka suna nan a ɗaure, ko da kai ne mai unguwa. Ɗan lidon fuska shida gare shi, rabon kowa ɗaya ne cikin shida. In biyu ake zubawa, shida da shida a tare sau ɗaya ne cikin 36, kuma ikon Allah, sai ta faɗo a hannun autar gida. Kafin shayi na biyu ya tafasa an gama da kai, ana ta shewa. Laifin lido ke nan a wurinku, ku dai faɗi gaskiya.

Kawu ya ce sa'a ce zalla, babu dabara. Haba Kawu! Dawaki huɗu gare ka, gida 52 ne zagayen. Wanne za ka tura, wanne za ka bari ya laɓe, yaushe za ka yi kasadar gifta maƙwabci ka zauna gabansa da taku uku, duk wannan ba ɗan lido ke zaɓa maka ba. Na kuma lura ranar da ka ci ba ka ambaton sa'a. Ranar sai mu ji labarin ƙwarewa har bayan isha'i.

Sai masu cewa kayan Nasara ne. Gaskiya ne a Ingila aka yi masa rajista a 1896, amma daga Indiya suka kwaso shi, daga wani wasa mai suna pachisi. Sarki Akbar, a ƙarni na 16, har fili ya sa aka shimfiɗa na wasan a fadarsa ta Fatehpur Sikri. Kun san me ake zubawa a pachisi? Wuri. Wurin nan dai da kakanninmu fatake suke ƙirgawa a hanyar Gwanja, suna ratsa ƙasar Mosi da jakunan goro. Hannun Bahaushe ya san girgiza tun kafin Bature ya buga kwalinsa mai launi huɗu.

Batun caca kam ba na wasa da shi. In an sa kuɗi caca ce, kuma malamai suna da magana a kan ɗan lidon kansa. Wannan a tambayi liman, ni ba na fatawa. Amma ɗan'uwa, kai da takardar cacar dawaki ta PMU ke leƙowa daga aljihunka, kana jiran dawakin Faransa su sayo maka babur, bari wani ya yi mana wannan wa'azin. A tabarmarmu wanda ya zo ƙarshe kofunan shayi yake wankewa.

Tun da aikin sabunta gari na ZACA ya rushe tsohon Zango a 2003, dangi suka watsu, wasu can wajen Ouaga 2000, wasu gefen gari. Yanzu matasa a waya suke haɗuwa, a Ludo King, manhajar Indiyawa da ta fito a 2016. Ba laifi, sai dai waya ba ta barin mutum ya ƙara taku ɗaya a ɓoye, ba ta kuma barin taubashi ya kama hannunsa ya tara masa jama'a. Rabin daɗin ke nan ya tafi. A garin da Mosi da Samo suke zagin juna da sunan rakiire kowa yana dariya, mu ma ai muna buƙatar wurin da jika za ta ce wa kakanta koma gida, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Ku zo ranar Lahadi bayan la'asar, ku taho da sukari. Kore da shuɗi da ruwan ɗorawa suna nan, kowa ya zaɓa. Ja kam na Hajiya ne, kada wanda ya taɓa, tun da ita ko an cinye ta ba ta wanke kofi.