Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yar Na'urar Talabijin Da Ta Koma Rediyo

Daga Horo Birni, jihar Sakkwato.



Na rubuto ne don in yi miki maraba da zuwa yankinmu na Boɗinga da Shagari, in kuma gaya miki aikin da nake so ki yi mana, tunda wanda aka ƙera ki dominsa ba zai yiwu a nan ba. Masu ƙera ki sun yi nufin a soka ki a jikin kwamfuta a kalli talabijin. To amma ƙwaƙwalwar da ke cikinki, wato RTL2832U ta kamfanin Realtek na Taiwan, tsarin DVB-T kaɗai ta iya karantawa, Najeriya kuwa DVB-T2 ta zaɓa, da shi ta fara talabijin na dijital a Jos a 2016. Duk wanda ya saye ki don kallo, ya yi asarar kuɗinsa.

Ashe akwai wata baiwa ɓoye a cikinki. A 2012 wani masanin manhaja ɗan ƙasar Finlan, Antti Palosaari, ya nuna cewa kina iya miƙa wa kwamfuta saƙon rediyo ɗanye, yadda kika tsince shi a iska, ba tare da kin sarrafa shi ba. 'Yan ƙungiyar Osmocom suka ɗora a kan wannan, suka rubuta manhajar da kowa zai sauke kyauta. Daga nan aikin da tarin ƙarafa da wayoyi ke yi a cikin akwatin rediyo ya koma hannun manhaja. Da taimakon abokiyar aikinki, ƙwaƙwalwar R820T, kina ji tun daga megahaz 24 har zuwa sama da 1,700, kuma ba ki da tsada.

Ba ki da wuyar haɗawa, sai dai kina son haƙuri. Da an soka ki, Windows sai ta ɗauke ki a matsayin talabijin, ta ba ki direban da bai dace ba. Dole a buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna Zadig a musanya shi da WinUSB. A nan ne ake son natsuwa, don jerin da Zadig ke nunawa ya haɗa da sauran kayan da ke jikin kwamfutar, wanda ya yi gaggawa yana iya taɓa na linzami ya daina motsi. Bayan haka sai a buɗe manhajar SDR#, a zaɓe ki, a ɗan ɗaga ƙarfin jinki, kada ya yi yawa har tasoshi su hau kan juna. Wanda ba shi da kwamfuta, wayar Android da 'yar igiyar OTG da manhajar SDR Touch sun ishe shi. Sau ɗaya ake bukatar intanet, ranar sauke manhaja. Daga ranar ba data, ba kati, ba ruwanki da sabis.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda 'yan bindiga. Manyan wayoyi suka zama fitila, rediyo ya ci gaba da magana. A 2023 Nijar ta dakatar da RFI, a ƙarshen 2024 ta dakatar da BBC na wata uku, a watan Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru bisa umarnin gwamnatin da ke ɗaukar nauyinta. Mutumin da ya san yadda ake laluben iska da kansa, in an rufe masa wata kafa yakan samu wata.

Amma babban dalilin da ya sa nake sonki shi ne kina nuna abin da ido bai taɓa gani ba. Mu masu sauraro ne tun kaka da kakanni. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya zo a 1962, Muryar Jamus ta biyo a 1963, ga Rima Rediyo a gida. Dattijo ya rataya rediyonsa a kafaɗa ya tafi gona, ya san duk mai gabatarwa da muryarsa. Sai dai ka tambayi ɗan sakandare me ake nufi da mita 49 da yake ji kullum, da wuya ya ba ka amsa. Ke kuwa, a kan allo kike shimfiɗa faɗin megahaz biyu da ɗoriya a lokaci guda, kowace tasha ta fito da layinta mai haske, mai ƙarfi ta yi tsayi, mai rauni ta yi ƙasa. Yaro ya ga murya tana motsi da idonsa. A lokacin sai malami ya ce masa ya raba 300 da yawan megahaz, abin da ya samu shi ne tsawon zangon a mita. Rediyon Kaduna da iyayenmu suka saba kamawa a kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, in an raba sai a samu 49. Lissafi ɗaya ya warware abin da aka shekara sittin ana ji.

Da wannan lissafin ne zai yanka eriyarsa da hannunsa, domin kowane hannu na eriya rubu'in tsawon zango ne. Na FM wajen santimita 75. Na megahaz 137, inda taurarin ɗan'adam na Rasha masu suna Meteor-M ke aiko da hoton gajimare, wajen santimita 53, a buɗe hannuwan biyu a kwance a fili. Ɗan manomin gero da dawa ya ga hadarin da ke tasowa daga gabas a hoton da shi ya kamo, ba wanda aka turo masa ba. Na megahaz 1090 kuwa bai kai santimita 7 ba, da shi jirage ke sanar da tsayinsu da gudunsu da inda suke. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana kan hanyarmu ta shiga Sakkwato, lokacin jigilar alhazai ɗalibai za su iya bin jirgin a taswira har ya yi nisa.

Akwai kuma wata dama da muka fi birni. Inbata da caja masu araha da wasu ƙwayayen lantarki suna cika iska da hayaniyar da ke danne tasha mai rauni. A ƙauye wannan ta yi ƙaranci, don haka waya mai tsawon mita goma da aka ɗaura a bishiyar dogon yaro tana iya jawo abin da na tsakiyar gari zai sha wuya kafin ya ji.

Ba zan ɓoye miki rauninki ba. Gajeren zango, wanda shi ne abin da mutanenmu suka fi so, yawancinsa yana ƙasa da inda jinki ya fara. Sai an nemi irinki da aka yi wa gyara, kamar V3 ko V4 na RTL-SDR Blog, in ba haka ba mai saye zai ji FM ya rasa labaran safe. Kina zafi, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, dole a ajiye ki a inuwa. Kina shan cajin waya da sauri. Kuma ba za ki maye gurbin rediyo mai batir a kafaɗar manomi ba, ban ma so ki gwada. Wurinki aji ne da teburin mai gyaran rediyo.

Wata magana kuma mai nauyi. Ke ji kawai kike yi, ba ki aika komai, amma a wannan zamani na rashin tsaro eriya a kan rufin ɗaki tana iya jawo zargi. Wanda zai kafa ki ya fara sanar da mai gari da shugaban makaranta, ya yi aikinsa a fili gaban jama'a. In ya ci karo da maganar jami'an tsaro, ya wuce, kada ya tsaya saurare balle ya naɗa ya yaɗa. Rayukan mutane ne a ciki.

Ina roƙon shugabannin makarantun sakandare na Boɗinga da Shagari, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, su saya wa kowace makaranta irinki guda ɗaya da igiyar OTG. Ina roƙon malaman kimiyya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ware yini guda su koya wa malamanmu haɗa ki da yanka eriya. Ranar 13 ga Fabrairu ce Ranar Rediyo ta Duniya, a daure a fara kafin ta zagayo.

Wassalam.

Naki,
Wani mai sauraro daga Horo Birni.