Ƙaramar Kwamfuta, Babban Ciki

Samarin Jimeta masu son wasannin da sun gano Raspberry Pi, ɗan allon kwamfuta da ke shiga aljihu. A maƙala masa ƙaramin gilashi, sai ga Super Mario na 1985 yana tsalle. Abincin allon volt 5 kacal.

To, a nan ake yin ta. Pi 4 na son amfiya 3, cajar da aka tsinto a kasuwa kuwa an rubuta mata 3 a jiki, amma abin da take bayarwa Allah kaɗai ya sani. Ƙarfin yana sauka sai alamar walƙiya ta leƙo a kusurwa, Mario ya koma tafiyar hawainiya.

Fawa banki? Ƙanwa za ta ɗauke, wayarta ta mutu. Janareta fa? Ka tayar da shi saboda wat 15, da tsadar fetur ɗin nan, maƙwabta su nemo maka mai ruƙiyya.

Saura sola. Ranar Yola ta Afrilu ba ta rowa, sai dai allon kwamfutar zai ɗau zafi ya nemi fanka, ita ma fankar a kwanonsa za ta ci.